Na sa an buga mun kwafin zanen Elena Karamihaylova a wani shago a Varna, ga yadda muka kare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun watan jiya wasu ke tambayata inda na samo hoton yarinyar nan mai farar riga da na kai wa Yayata tsaraba, har wata 'yar uwa da ke karatu a garin Pleven na nan Bulgeriya tace in turo mata lambar shagon, toh nace bari dai in zauna in rubuta komai dalla dalla saboda akwai abun yabo sosai a aikinsu kuma akwai abun da in baka sani ba zaka biya kuɗinka ka karɓi abun da zai ɓata maka rai. Bazan faɗi sunan shagon ba, ƙaramin waje ne na wani dattijo da 'yarsa a wani layi bayan tsakiyar garin Varna, suna buga hotuna suna haɗa firem, kuma irinsu suna da yawa a nan Bulgeriya, abun da zan faɗa zai yi wa mutum amfani ko wanne ya shiga.

Yadda abun ya faro, wata Asabar ce muka hau jirgin ƙasa mu uku zuwa Shumen, kusan kilomita 90 ne daga Varna, niyyarmu kawai mu ga masallacin Tombul wanda aka gina a 1744, shine masallaci mafi girma a ƙasar nan, mu yi sallar azahar a ciki mu dawo. Bayan mun idar ruwa ya tsuge, muna neman wajen fakewa sai muka faɗa gidan ajiye zane-zane na garin, wanda sunan wata mata aka saka masa, Elena Karamihaylova. Ni a lokacin ko sunan ban taɓa ji ba. 'Yar garin ce, an haife ta a Shumen a 1875 wato shekara uku kafin ƙasar ta fita daga hannun Daular Usmaniyya ta Turkawa a 1878, ta yi makarantar 'yan mata ta Amurkawa a Istanbul, daga nan ta tafi Viyana sannan Munich a Jamus inda ta koyi zane a wajen wani malami Heinrich Knirr, ta dawo gida wajen 1910, ta rasu a Sofiya babban birnin ƙasar a 1961. Yawancin aikinta hotunan mutane ne, mata da yara musamman, 'yan uwanta da 'ya'yan dangi da na abokan arziki.

Kunsan ni aikin ɗakin yara nake a asibiti a wannan zangon na karatu, kullum fuskar yaro nake kallo tun safe har yamma, kuma abu na farko da ake koya mana shine ka kalli yaro kafin ka taɓa shi, yanayin idonsa, kalar leɓensa, yadda ya riƙe hannunsa, ko ya saki jiki ko a ɗarare yake. Toh wallahi matar nan haka take kallon yara. Yaran da ta zana basa yin murmushin nan na dole irin wanda mai hoto ke sa yaranmu ranar sallah, a tsaye ƙiƙam an ce kar ka motsa, a'a, zaka ga yaro a zaune ya gaji da zaman, hankalinsa ya tafi wani waje, baki a ɗan buɗe, kafaɗa ɗaya ta sauka, kuma duk da haka an ba shi mutuncinsa kamar babban mutum. Sannan ga yadda take sarrafa fari. Farar riga a wajenta ba fari ɗaya bane, in ka matso kusa zaka ga shuɗi-shuɗi a cikin ninkin rigar, toka-toka a gefen inuwa, ɗan ruwan hoda inda hasken fata ya dawo kan yadin, duk da burushi mai faɗi ta shafa su kamar da sauri amma in ka ja baya taku uku sai komai ya haɗe ya zama riga da iska ke shiga. Ku riƙe wannan maganar ta fari domin a kanta duk rigimar odar tawa ta tsaya.

Wanda ya kama mun zuciya na wata yarinya ce da bazata wuce shekara biyar ko shida ba, ta ɗan kauda kai gefe tana kallon mai zanen ta ƙasan ido, irin kallon nan na yaron da bai gama yarda da baƙo ba amma kuma baya son ya gudu. Sak 'yar Yayata in an yi baƙi a gida. Tun a jirgi muna dawowa nace sai na nemo kwafinsa na kai wa Yaya.

Ranar da na shiga shagon dattijon ne a gaba yana yanka katakon firem, ya ɗago yace zapovyadayte, wato bismillah shigo, sai ya kira 'yarsa saboda ita ke jin Turanci. Gaskiya tarba ba laifi ko kaɗan, an bani kujera, ta buɗe kwamfuta muka duba hotunan da suke da su na masu zanen wancan zamanin, kuma sai na ga ashe yarinyar ta san abun da take sayarwa ba wai danna firinta kawai ta iya ba. Ita ta nuna mun aikin Elisaveta Konsulova-Vazova, wata mai zanen da aka haifa a Plovdiv a 1881, matar Boris Vazov ƙanin babban marubucinsu Ivan Vazov, wadda a 1919 ta zama mace ta farko da ta yi baje kolin zanenta ita kaɗai a Sofiya, itama ta zana yara sosai har da 'ya'yanta mata, sau da yawa a waje cikin lambu da hasken rana. Tace mutane kan haɗa su biyun in ana maganar matan farko a zanen Bulgeriya. Na so in ɗauki ɗaya nata shima amma aljihun ɗaliba ne, na tsaya a kan wanda ya kawo ni.

Na tambaye ta maganar izini, saboda a ƙasashen Tarayyar Turai haƙƙin mai zane yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa, Karamihaylova kuma 1961 ta rasu kenan lokacin bai cika ba. Tace eh sun sani, shiyasa ba kowane aikinta suke bugawa ba sai 'yan waɗanda suke da takarda a kansu, kuma Allah ya taimake ni nawa yana ciki. Wannan ya ƙara mun natsuwa da su, dan akwai masu saida irin wannan a intanet da kawai sauke hoto suke daga ko ina su buga maka, kuma ƙaramin hoto in aka ja shi ya yi girma fashewa yake, fuskar ta koma dishi-dishi.

Zaɓi biyu ta bani, ko a buga a kan kanbas, wato yadin nan mai kauri da ake ɗaurawa a kan katako, ko a kan takarda mai kauri ta auduga wadda bata sheƙi. Ni da tunanina tunda asalin zanen na fentin mai ne a kan yadi ai kanbas zai fi kama da shi, itama bata musa mun ba, tace yawancin kwastomomi shi suke so. Na zaɓi santimita 40 da 50, kuɗin ya kama leba 85, wato kuɗin Bulgeriya na lokacin, wajen yuro 43 kenan, lokacin ba a koma yuro ba tukuna, na bada rabi aka bani risit akace in dawo bayan kwana biyar.

Kwana biyar ta zama tara. Wannan shine ƙorafina na farko, ba jinkirin ne ya dame ni ba, rashin kira ne, sai da na taka da ƙafata cikin sanyin nan na bakin teku mai shiga ƙashi sannan aka ce mun tawada ɗaya ta ƙare ana jiranta daga Sofiya. Saƙo ɗaya a waya ya isa ai.

Ranar da na je karɓa dattijon ya fito da shi a naɗe, ya warware ya jingina a bango yana jiran in yaba, ni kuwa gabana ne ya faɗi. Yarinyar ce dai, kallon nan nata yana nan, amma fatarta ta koma rawaya, har farin idonta ya ɗauki ruwan ɗorawa, wallahi da a ɗakin yara aka kawo mun ita a haka abu na farko da zan rubuta shine a duba jininta ko shawara ce. Kumatun kuma da ya kamata ya zama ɗan ja mai laushi sai ya fito jajir kamar mai zazzaɓi. Rigar kuwa duk shuɗin nan da tokar nan da na baku labari sun ɓace, ta zama farin fili ɗaya fetal kamar an liƙa takarda, sannan sun shafa wani man kariya a sama mai ƙyalli wanda in fitila ta haska sai ka ga fuskarka maimakon ta yarinyar. Ga saƙar kanbas ɗin ma ta yi girma, ƙananan ramuka sun cika fuskar, shafar burushin mai zanen ta nutse a cikinsu. Abu na ƙarshe da na lura da shi sai da na fito da hoton da na ɗauka a wayata na gwada, ashe dan ya shiga 40 da 50 daidai sun yanke ƙasan zanen, yatsun hannunta na hagu sun tafi, kuma wani ɓangaren sun naɗe shi ya zagaya bayan katako. Hannun nan kuwa rabin labarin ne, dan yadda ta damƙe gefen rigarta shi ke gaya maka a ɗarare take.

Na daure na faɗa musu duka, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. A nan ne kuma shagon ya ci makinsa a wajena. Dattijon bai yi musu ba bai ce ai haka asalin yake ba, ya ɗauki hoton ya fita da shi bakin ƙofa wajen hasken rana ya daɗe yana kallo, ya dawo yana magana da 'yarsa da yarensu yana nuna kumatun da ɗan yatsa, sai ta juyo tace Baba yace kina da gaskiya, fitilar cikin shagon mai ruwan ɗorawa ce shiyasa basu gani ba, kuma saitin kalar da suka yi amfani da shi na hotunan biki ne, wanda ake ƙara wa ɗumi da ƙarfi dan amarya ta fito shar. Na tambaya ko za a sake, sai ya girgiza kai gefe da gefe, wanda a nan ƙasar ma'anarsa eh ne, su a'a ɗinsu shine ɗaga kai sama. Yace za a sake ba tare da ƙarin ko sisi na aikin bugu ba, in dai na koma takarda zan cika bambancin kuɗin takardar kawai, leba 15.

Abun da suka yi a karo na biyu shine abun da nake so duk mai niyyar yin irin wannan odar ya nema tun farko. Sun buga mun gwaji, 'yar siririyar takarda kamar faɗin tafin hannu, an ɗauko daidai wajen ido da kumatu da wuyan riga, sau uku a jere kowanne da saitinsa. Muka fita waje da ita ni da yarinyar muka tsaya a inuwar bango inda hasken rana yake amma baya dukan takardar kai tsaye. Na farko har yanzu da sauran rawaya, na uku yayi sanyi da yawa leɓen ya koma kamar na yaron da iska bata isar masa, na tsakiya ne na ga yarinyar da na gani a Shumen, fata mai rai, inuwar ƙasan ido ɗan kore-kore kaɗan yadda masu fentin mai ke yi, ninkin riga da shuɗinsa ya dawo. Nace wannan. Sannan nace kar a yanke komai, a bar zanen da tsawonsa da faɗinsa yadda yake ko da farin gefe zai fi yawa ta wani ɓangaren, suka bar mun santimita 4 na fari zagaye.

Bayan kwana uku na karɓa, wannan karon ita ta kira ni da kanta. Gaskiya takardar ta yi. Tana da nauyi a hannu, ba ta sheƙi ko kaɗan, in ka kawo ido kusa kana ganin layin gashin burushi inda mai zanen ta ja fenti a goshi da kuma inda ta bar shi da kauri a kafaɗar riga, duk da dai a shafe yake in ka taɓa, bugu ne ba fenti ba. Kuma wannan dole in faɗa tsakani da Allah, kwafi kwafi ne. A asalin, fentin yana da tudu, haske na kama shi yana canzawa in ka matsa dama ko hagu, duhun bayan yarinyar yana da zurfi kamar zaka iya zura hannu, a takarda kuwa duhun ya ɗan dushe ya zama ɗaya. Duk wanda yace maka bugunsa ba a bambanta shi da asali toh talla yake. Amma abun da na je nema, wato kallon nan da farin nan, na same su.

Firem ban yi a wajensu ba duk da aikin katakon dattijon yana da kyau sosai, na duba kusurwoyin waɗanda ya haɗa babu ko ɗan rata, saboda gilashi da jirgi basa shiri kuma ta Istanbul zan bi a sauke kaya a sake lodawa. Suka naɗe mun shi da takarda mai laushi a ciki, fuskar zanen tana kallon waje dan kar tawada ta tsage, aka saka a bututun kwali mai murfi biyu, kyauta. A cikin jakar hannu na riƙe shi har Kano. Shawarar da ta bani kuma ta yi amfani, tace in na isa kar in yi saurin miƙar da shi da ƙarfi, in buɗe shi in bar shi kwana biyu a kan tebur da littattafai a kusurwoyi huɗu da tsaftataccen ƙyalle a tsakani, haka nayi ya kwanta lafiya lau.

Akwai wani dalilin da yasa daga baya na gode wa Allah da na koma takarda. Na san gidaje da yawa a wajenmu ba a rataye hoton mai rai a bango, kowa da abun da ya fahimta daga malamansa kuma ina girmama hakan, mijin Yaya ma yana cikinsu. Kanbas in ba bango ba bashi da wajen zama, takarda kuwa sai Yaya ta samo babban fayil mai tauri ta saka shi ciki da farar takarda a sama, yana cikin durowa, in tana so ta fito da shi a kalla a mayar. Hakan ma ya fi masa lafiya da ƙurar hunturu da zafin ranar Kano, dan rana tana cin tawada komai kyanta. Wanda kuma zai rataye nashi, dan Allah a gaya wa mai firem ya saka kwali mai taga tsakanin takardar da gilashi kar su manne, in damina ta zo danshi na shiga ya liƙe su kuma in ya liƙe shikenan an rasa hoton.

Da Yaya ta buɗe bata ce komai ba na ɗan lokaci, sai tace ke Auta wannan ai kamar an sa mata ido ne tana jin kunya, ji yadda ta riƙe riga. Hannun da aka yanke a bugun farko shi ta fara gani. Ita mai kamar kuwa da aka kira ta tazo ta tsaya daga bakin ƙofa tana leƙen hoton ta ƙasan ido, ta tambaya wai meye sunan yarinyar kuma waye ya mata faɗa.

In za a tambaye ni maki zan basu 4 cikin 5. Ɗayan da na cire na rashin kiran waya ne da kuma barina da suka yi na zaɓi kanbas mai sheƙi alhali 'yar dattijon da bakinta daga baya tace mun ga irin wannan zanen mai farare da yawa takarda tafi, toh da tun ranar farko ta faɗa da an huta da sati biyu. Duka duka leba 100 na kashe. Wadda ke Pleven ko wani garin ba sai kin zo Varna ba, duk shagon da zaki shiga ki tambayi girman fayil ɗin hoton da ke cikin kwamfutarsu da kuma izininsa, ki ce a buga miki gwajin fuska tukuna ki duba shi a hasken rana ba a fitilar shago ba, ki ce kar a yanke gefe, in kuma aiko miki za a yi kamfanonin aike na nan suna da tsarin da zaki buɗe kaya ki duba a ofishinsu kafin ki biya, ki ce a saka miki shi. Ni dai in Allah ya kaimu bayan jarabawar bazara zan koma wajen dattijon in yi na Konsulova-Vazova, na riga na ce wa 'yarsa ta ajiye mun saitin tsakiyan nan.